Ga kebul a shimfiɗe, me ya sa rautocina ke bin rediyo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ke kula da intanet ɗin wata makarantar kwana a bayan gari. Gini biyar ne, kowanne da rautarsa (na'urar da ke raba intanet) mai OpenWrt, wato tsarin Linux na rautoci, na sa musu babeld, manhajar da ke aiki da ƙa'idar Babel, don su riƙa nemo hanya da kansu. Ofis, laburare, ɗakin kwamfuta da ɗakin malamai kebul ne ya haɗa su a jere, ɗaya bayan ɗaya. Ofis da ɗakin malamai suna kuma jin juna ta rediyo, na bar shi ne saboda ranar da kebul zai yanke. Gidan shugaban makaranta yana da nisa, sai na haɗa shi da ofis da farantan rediyo biyu na kamfanin Ubiquiti, ko da yake yana ɗan jin rediyon laburare. Damuwata biyu ce. Ɗakin malamai ya ƙyale kebul yana bin rediyo, intanet sai ja da ƙyar. Gidan shugaba kuwa da zarar iska ta taso sai ya yanke ya dawo, ya yanke ya dawo. Ina na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ka yi kuskure wajen zaɓen Babel ba. Juliusz Chroboczek, malamin jami'a a Faris, ya tsara shi ne don irin wannan cakuɗar ta kebul da rediyo, an fara wallafa ƙa'idojinsa a takardar fasahar intanet mai lamba RFC 6126 a 2011, sannan RFC 8966 ta maye gurbinta a 2021. Abin da ya faru shi ne ka bar shi yana lissafi da farashin da ya zo da shi daga gida, kuma akwai mashiga guda, wato ƙofar da kebul ko rediyo ke shiga rauta, da ta yi masa ƙarya.

Kowace rauta mai Babel tana yin sallama ga maƙwabtanta duk bayan daƙiƙa 4, su kuma suna aiko mata da saƙon "na ji ki", haɗe da bayanin yadda suke jin ta. Daga nan ake sa wa kowace mahaɗa farashi, a tara farashin hanya daga farko zuwa ƙarshe, mai araha ita ce abin bi. A babeld, mahaɗar kebul 96 ce, ta rediyo mai lafiya kuwa 256. To ɗauki biro. Daga ɗakin malamai zuwa ofis ta kebul tsalle uku ne: 96 sau uku, 288. Ta rediyo tsalle ɗaya ne, 256. Rautarka ba ta haukace ba, ciniki ta yi, ta ga rediyo ya fi sauƙi da 32.

Abin da Babel bai sani ba shi ne faɗin hanya. Bai auna cewa kebul ɗinka na ɗaukar megabit ɗari ko dubu ba, rediyon kuma wataƙila goma yake bayarwa da rana tsaka, lokacin da wayoyin malamai suka cika iska. Sallama kawai yake ƙirgawa. Idan kashi 80 cikin ɗari na sallamar ke isa ta kowane ɓangare, farashin rediyon zai hau zuwa 400, ya koma kebul. Amma sallama ƙaramin saƙo ne, kuma rediyon Wi-Fi yakan aika irin saƙon da ake yi wa kowa da kowa da gudu mafi ƙanƙanta, wanda ke ratsa nisa da hayaniya. Sai ka ga sallama duk ta isa lafiya, alhali in aka ɗora wa hanyar bidiyo guda sai ta durƙusa. Kamar jakin da ke tafiya tiƙis-tiƙis ba kaya ne, ba ka sanin halinsa sai an aza masa mangala.

Gyaran a cikin /etc/babeld.conf layi biyu ne, ko makamancinsu a /etc/config/babeld idan ta nan kake saiti:

interface eth0 type wired rxcost 32
interface mesh0 type wireless

Sunayen mashigai ka sa naka. Yanzu tsalle uku na kebul ya zama 96, rediyo ba zai ƙara yin nasara ba sai kebul ya yanke da gaske, wanda dama shi ka ajiye shi dominsa. Ka sa wannan lamba a duka rautoci huɗun, domin a kan kebul farashin da rauta ke amfani da shi shi ne wanda maƙwabciyarta ta faɗa mata, ba wanda ita ta rubuta ba. In ka gyara gefe ɗaya ka bar ɗaya, saƙo zai tafi ta kebul amsa ta dawo ta rediyo, kuma irin wannan ciwon yana da wuyar ganewa. Wasu sun fi son ƙara wa rediyo tsada maimakon rage wa kebul. Yana yi, sai dai a kula: a rediyo ana ninka lambobin ɓangarorin biyu ne a raba da 256, don haka 512 nan da 512 can 1024 yake bayarwa. Ni dai na fi son taɓa kebul, lissafinsa ba ya da kwana-kwana. Sannan a saitin rediyon ka ɗaga mcast_rate, gudun aika saƙon kowa da kowa, zuwa 12000, wato megabit 12, don sallama ta daina wucewa ta inda kaya ba za su iya wucewa ba.

Yanzu gidan shugaba, inda nake ganin nan ne ainihin abin da ya kamata ka riƙe. Farantin nan kebul ne ya fito daga gare shi ya shiga rauta. Idan babeld ya tambayi Linux wace irin mashiga ce wannan, sai a ce masa ta kebul ce, don iyakar abin da ake gani ke nan. Bai san cewa a ƙarshen kebul ɗin akwai rediyo a kan sanda, iska na kaɗa shi ba. Kuma hukuncin kebul daban yake: babu auna inganci, ƙa'idar ita ce in biyu daga cikin sallama uku na ƙarshe sun iso, hanya na nan a farashinta, in ba su iso ba, ta mutu ɗungurungum. Babu tsaka-tsaki. Wannan daidai ne ga kebul, don shi ko dai yana aiki ko ɓera ya cinye shi. Ga farantin da ke zubar da kashi ɗaya cikin uku na saƙonni lokacin iska kuwa, sakamakon shi ne abin da ka gani: yanzu 96, an jima babu, rauta ta ruga rediyon laburare, sallama biyu su iso ta dawo da gudu. Faɗa masa gaskiya game da mashigar farantin, wadda na kira eth1, a ofis da gidan shugaba duka:

interface eth1 type wireless

Da wannan zai riƙa ɗaga farashin sannu a hankali gwargwadon asarar, ya sauya hanya ne kawai in ta laburare ta fi da gaske. Haka kuma zai daina ɓoye wa mashigar labarin hanyoyin da ya jiyo daga gare ta, dabarar da ke rage surutu a kebul inda kowa ke jin kowa, amma take cutarwa a rediyo inda na gabas ba lallai ya ji na yamma ba. Sai ka hau ka ɗaure sandar nan da wayoyi uku kafin damina ta kankama, don babu saitin da zai hana faranti kallon wani wuri in ƙarfe na rawa. Kuma dole farantin ya samu mashigarsa shi kaɗai, ko VLAN nasa, wato keɓaɓɓen layi a cikin kebul ɗin da ake tarayya. In ka cusa shi cikin gada ɗaya (bridge, mai haɗe mashigai su zama ɗaya) da kebul na sauran gine-gine, babu yadda za a yi ka ba su farashi daban.

Akwai ƙananan tarkuna da zan ambata tunda muna kai. Idan rediyonka 802.11s ne, tsarin Wi-Fi mai haɗa rautoci da juna, sa mesh_fwding ya zama 0, in ba haka ba shi ma yana da nasa tsarin neman hanya a ƙarƙashi, sai ya nuna wa Babel rautar da ke tsalle biyu kamar maƙwabciya ce ta jikin katanga. Direba biyu a mota ɗaya ke nan. Kada kuma ka kashe IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, wai don makarantar tsohon tsarin IPv4 take amfani da shi. Babel yana magana ne ta adireshin IPv6 na cikin mahaɗa, waɗanda ke farawa da fe80, a tashar UDP 6696, ko da hanyoyin IPv4 yake rabawa. Na taɓa kwana rabin dare a wani wuri ina zargin kebul, har na sake matse kawunansa sau biyu, ashe wanda ya riga ni aiki ne ya toshe IPv6 a fayawol, katangar da ke tace saƙonni, don "tsaro".

Hanyar fita intanet kuma rautar ofis kaɗai za ta yi shelarta:

redistribute ip 0.0.0.0/0 le 0 metric 128

Idan da hannu ka sa wannan hanya da umarnin ip route add, babeld zai tsallake ta sai ka ƙara proto 3 a layin. Tunda makaranta ce mai ɗalibai masu ƙiriniya, ka duba RFC 8967, ƙa'idar tantance saƙonnin Babel, ka sa wa rautocin mabuɗin sirri ɗaya, kada wani yaro ya jona kwamfutarsa ya yi shelar cewa shi ne ƙofar intanet.

In ka gama, tayar da babeld da -g 33123, ka shiga da telnet ::1 33123 daga cikin rautar ɗakin malamai, ka rubuta dump. Za ka ga kowane maƙwabci da farashinsa. Zare kebul ɗin da ke tsakanin laburare da ɗakin kwamfuta kana kallo: cikin 'yan daƙiƙu hanya ta koma rediyo, ka mayar da shi ta dawo. Gwajin faranti kuwa sai ranar da hadari ya haɗo, ka aiko mini da lambobin da ka gani a eth1 kafin iska da lokacin da take kaɗawa.