Cikar teku da janyewarta: amsa ga mai koyon tuƙin jirgi

Ka ce ka ɗaure jirgi da hantsi ruwa na cike, da la'asar ka tarar da shi zaune a kan yashi, igiya ta miƙe kamar za ta tsinke. Yaro, ba wanda ya taɓa shi. Teku ce ta janye.

Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi. A yawancin gaɓoɓi ruwa kan cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50. Minti hamsin ɗin nan su ke yaudarar sabon shiga: in yau ya cika ƙarfe 9, gobe sai goma saura minti goma. Daga cika zuwa janyewa awa 6 ne da 'yan mintoci.

Kuma ba gudu ɗaya yake yi ba. Kasa tazarar, wato bambancin zurfin ruwa tsakanin cika da janyewa, gida 12. Awar farko kashi 1 ke sauka, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, sannan 2, sannan 1. In tazarar mita 3 ce, mita ɗaya da rabi zai tafi a awa biyun tsakiya kaɗai. A nan ake makalewa.

Ka riƙa ƙirga kwanan wata. Kusa da tsayuwarsa da daren sha huɗu, jan wata da na rana suna haɗuwa, ruwa ya cika sosai ya kuma janye da nisa. Wajen kwana 7 da 22 bambancin kaɗan ne. Wuri ma da nasa hali: a mashigin Fundi na Kanada tazarar kan kai mita 16, a yawancin Bahar Rum ko rabin mita ba ta yi. Saboda haka ka tambayi tazarar wurin, ka saki igiya fiye da ita.

Raƙuman ruwa kuwa aikin iska ne: ƙarfinta, daɗewarta, da faɗin ruwan da ta kaɗa a kai. Suna karyewa inda zurfi ya ragu ya kusan daidai da tsayinsu. Kada ka ratsa bakin kogi ruwa na janyewa alhali iska na turo raƙuma daga teku. Su kan miƙe tsaye, kusa da juna, su kifar da jirgi. Jira ruwa ya juyo ya kusa cika, sannan ka shiga da goshin jirgi a saiti, kada ka ba su gefe.