In sauke sabon QGIS ko in tsaya a kan wanda nake da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina aikin taswirar filaye da manhajar QGIS 3.40, sai na ga ana ta maganar QGIS 4. Ina tsoron in sabunta ayyukana su lalace, kuma ba na so a bar ni a baya. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka sauke sabon, amma kar ka goge tsohon tukuna. A kan Windows ana iya girka su biyun a kwamfuta ɗaya kowanne da foldarsa, ba sa takura wa juna, kuma tunda manhaja ce ta kyauta mai buɗaɗɗen tushe ba ka da asarar komai in ka gwada.

Masu QGIS suna fitar da sabon zubi kusan duk bayan wata huɗu, sannan sau ɗaya a shekara akwai wanda ake kira LTR, shi ana daɗewa ana gyara masa kurakurai ba tare da an cusa masa sabbin abubuwa ba. 3.40 ɗinka ya fito a Oktoba 2024 kuma yana cikin waɗanda aka yi wa LTR, wato ba ka zaɓi banza ba. Duk wanda ke aikin da wani zai biya shi ko ya dogara da shi, to ni a LTR nake so ya zauna. 3.44 kuma shi ne na ƙarshe a jerin masu lamba 3.

To me ya sa 4 ya fi sauran tayar da ƙura? Saboda an canza Qt5 zuwa Qt6, wato ginshiƙin da fuskar manhajar ke kai, kamar a bar wa mota jikinta a sauya mata inji. Kai da ke kallo ba lallai ka ga bambanci mai yawa ba, amma fulogin, wato ƙananan kayan aikin da ake ƙara wa manhajar, waɗanda aka rubuta da harshen kwamfuta na Python suna magana da wannan ginshiƙi kai tsaye, in mai fulogin bai gyara nasa ba to ba zai tashi ba. An ga irin haka a 2018 da 3.0 ya fito aka koma Python 3, fulogin da yawa sun daina aiki sai da masu su suka sake zama a kansu, wasu ma har yau shiru. Don haka kafin komai ka duba waɗanne fulogin ne aikinka ba ya tafiya sai da su, ka leƙa ka ga ko an sabunta su, in ɗaya daga ciki bai shirya ba ka haƙura ka jira.

Maganar lalacewa kuwa, ka kwantar da hankalinka. Bayananka suna cikin nasu fayilolin daban, irin su GeoPackage ko shapefile, girka sabuwar manhaja ba ya taɓa su. Fayil ɗin aiki mai .qgz shi ne abin lura, domin shi ke riƙe da launuka da lakabi da tsarin shafin bugawa, sabon zubi yana buɗe aikin tsoho lafiya ƙalau, amma da zarar ka adana shi a sabon ka koma tsoho zai yi maka gargaɗi kuma wasu abubuwan na iya ɓacewa. Wannan na cizon mutanen da ke aiki tare sosai, ɗaya ya sabunta sauran ba su sani ba. Ka yi kwafin foldar aikin gaba ɗaya, da kwafin za ka yi gwaji.

In ka buɗe kwafin, ka kalli kusurwar dama ta ƙasa inda aka rubuta lambar EPSG, wato lambar tsarin ma'aunin da taswirar ke kai, ka tabbatar ita ce ta da, sai ka danna kan wata kusurwar fili da ka san lambobinta ka gwada su. Aikin filaye ba ya son kuskuren mita ɗaya, kuma PROJ, wanda ke lissafin sauya tsarin ma'auni, shi ma yakan zo da sabon zubinsa. Daga nan ka fitar da taswira ɗaya zuwa PDF ka jera ta da tsohuwa. In komai ya yi daidai, sabbin ayyukan da ba wanda zai biya ko ya dogara da su ka fara su a sabon, wanda ke hannunka yanzu ka ƙarasa shi a 3.40.