Tambaya da Amsa: Masaƙar ɗaurawa a ƙugu

Tambaya: Ina sha'awar koyon saƙar hannu, amma ɗakina ba zai ɗauki babbar masaƙa ba. Na ji ana yin wata da 'yan sanduna kawai. Yaya ake haɗa ta?

Amsa: Malama, ana yi, kuma da irinta matan Gwatamala da Peru ke saƙa tufafinsu har yau. Ki nemi sanduna biyu masu tsawon santimita 45 da kaurin santimita 2.5, su za su riƙe zaren tsaye a kai da gindi. Sai sanda mai kaurin santimita 4 ta raba zare, da siririya ta andira (madaukan da ke ɗaga rabin zaren tsaye), da wata ta naɗe abawa (zaren kwance). Na ƙarshe katako ne mai faɗin santimita 5 da aka fiƙe gefensa ɗaya kamar takobi, da shi ake buga abawa. A goge kowanne ya yi sumul, don ɗan tsinke guda ya isa ya tsinka zare. Madaurin ƙugu kuwa ƙyalle ne mai ƙarfi, faɗin santimita 10, da igiya a kowane gefe.

Wadari, wato jera zaren tsaye, shi ne wurin da ya kamata ki natsu. Kafa turaku biyu, ki riƙa zagaya zaren a siffar lamba 8, yadda zai gitta a tsakiya. Wannan gittawar ita ke raba zaren gida biyu, saboda haka ki ɗaure ta da wani zare kafin ki cire daga turakun. Ki ƙara kamar santimita 30 a kan tsawon da kike so, domin ƙarshen zare ba ya saƙuwa, saƙar ma tana cin tsawo. Zura sandunan farko biyu a madaukan da turakun suka bari, ki ɗaure ɗaya a ginshiƙi, ɗayar a ƙugunki da madaurin ƙugu. Sandar raba zaren ta shiga bayan gittawar, ta ɓangaren ginshiƙi. Zarurrukan da suka faɗa ƙarƙashinta, kowanne ki kamo shi da madauki na zare mai santsi ki rataya a siririyar sanda, madaukan duk tsawo ɗaya. Ki fara da ɗan siririn abu mai faɗin yatsa uku.

Tambaya: Na haɗa tawa, amma in na ɗaga andira zaren sai ya manne, bakin da abawa ke bi ya ƙi buɗewa. Gefen saƙar kuma yana ta shigewa ciki.

Amsa: Jikinki ne ke ja da sassauta zaren. In za ki ɗaga andira, ki ɗan sunkuyo gaba zaren ya yi sanyi, ki ɗaga, ki zura katakon ki tayar da shi a gefensa. In za ki buga abawa, ki jingina baya ya miƙe. Mai ɗaga andira tana jingine da baya wahala kawai take ba hannunta. In har yanzu yana mannewa, to zaren mai gashi ne, ki sauya shi da na auduga mai murɗi sosai.

Shigewar gefe daga fizgar abawa ne. Ki riƙe gefen da yatsu biyu lokacin da kike jan ta, ki tsaya da zarar ta taɓa zaren ƙarshe, sannan ki riƙa auna faɗin bayan kowane 'yan layuka.