Tambaya da amsa: Haɗa adabin tsoro da tarihin likitanci a aji

Tambaya: Ni malamar adabin Turanci ce. Ina so in koyar da Frankenstein tare da tarihin likitancin zamaninsa, amma abin da nake samu a intanet tarkace ne. Ina zan sami kayan aiki na kirki, kuma yaya zan tsara darasin?

Amsa: Malama, kada ki fara da neman darasin da wani ya gama shiryawa. Ki ɗauki shafi ɗaya ko biyu daga littafin, ki ajiye kusa da takarda ɗaya ta ainihi daga wancan zamani, mai ɗauke da shekara. Ɗalibai su kwatanta da kansu.

Frankenstein, littafin Mary Shelley kan wani masanin kimiyya da ya haɗa wata halitta ya sa mata rai, yana nan kyauta a shafin littattafai na Project Gutenberg, sai dai a kula da bugu, don a nan ake yawan tuntuɓe. Akwai na 1818, akwai wanda ta gyara a 1831. Wurin da halittar ta buɗe ido babi na 5 ne a bugun 1831, amma babi na 4 ne a na 1818. Idan rabin aji ya sauke wannan, rabi ya sauke wancan, rigimar neman shafi za ta cinye miki lokaci. Ni dai na fi son na 1831 a wannan darasi, saboda a gabatarwarsa ce marubuciyar ta ambaci gwajin motsa jiki da lantarki. Ki tabbata gabatarwar tana cikin kwafin kafin ki buga.

Wannan gwaji shi ne ƙashin bayan darasin farko. Luigi Galvani na Bologna ya wallafa bincikensa a 1791, inda ya nuna ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa idan lantarki ya ratsa ta. A Janairun 1803, ɗan ’yar’uwarsa Giovanni Aldini ya gwada haka a Landan kan gawar George Foster, wanda aka rataye bisa laifin kisa. Bayanin shari’arsa yana rumbun intanet na kotun Old Bailey ta Landan, wanda ya tattara shari’o’i daga 1674 zuwa 1913. Zane-zanen gwajin kuwa sai ki duba shafin Wellcome Collection, gidan tarihin likitanci da ke Landan. Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasa na Amurka ma ya shirya baje koli kan Frankenstein, har da tsarin darussa na sakandare, amma an yi su don ajin Amurka, sai kin rage.

A darasin minti 40, ba da minti 10 na karatu, 15 na nazarin takardar tarihi a rukunin mutum huɗu, sauran a yi muhawara kan tambaya ɗaya tak: gawar wa ake ɗauka, kuma wa ya ba da izini? Wannan tambaya tana taɓa ɗalibanmu sosai, ganin yadda muka ɗauki sutura da gaggawar binne mamaci da muhimmanci. A Birtaniya, dokar 1752 ta ba likitocin fiɗa gawar masu kisa kaɗai, ba ta wadatar ba, sai sana’ar tone kaburbura ta bunƙasa. A 1828 Burke da Hare suka kashe mutum 16 a Edinbara suna sayar da gawarwakin ga Dokta Robert Knox, mai koyar da fiɗar gawa. Dokar 1832 ta buɗe ƙofar amfani da gawar da ba wanda ya zo nema, wato galibi ta talakawan gidajen gajiyayyu. Adalci ne? Bar su su fafata.

Babban kuskuren da za ki gani shi ne tsawa da walƙiya. Ɗalibai za su rantse da walƙiya aka tayar da halittar, alhali wannan hoton fim ne. Littafin ya ɓoye yadda aka yi da gangan. Ki sa su nemo jimlar da ta ce da walƙiya aka tayar da halittar. In sun rasa, darasin ya shiga.

In kina da mako na biyu, Dracula na Bram Stoker, 1897, ya dace. A labarin, an yi wa wata budurwa mai suna Lucy ƙarin jini sau huɗu daga maza huɗu ba tare da gwaji ba. Kada a bari ɗalibai su ce likitocin labarin sakaci suka yi: sai a 1901 Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini. Shi ya sa nake so a rubuta shekarar kowace takarda a allo kafin a fara karatu.

Ki sauke komai tun a gida, ki buga shafi biyu ga kowane rukuni, don kada darasin ya rataya a kan sabis. Wasu zane-zanen fiɗa suna da tayar da hankali, ki tace su tukuna, kuma ki sanar da ajin tun farko cewa za a yi maganar gawa, saboda wanda bai daɗe da yin rashi ba.