Amsa: me ya sa 'yan away ba sa zama a Firimiya?

Ɗan'uwa ka tambaya me ya sa magoya bayan da suka bi ƙungiyarsu waje suke tsaye minti 90 alhali ga kujeru, kuma wai ba doka ta hana ba? Eh, ƙa'idar filayen wasa ta hana, sai dai a wuraren da aka keɓe don tsayuwa. Asalin abin shi ne abin da ya faru a filin wasa na Hillsborough a 1989, inda turmutsutsu ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97, sai rahoton alƙali Taylor, wanda ya binciki lamarin, ya ce a sa kujeru, daga 1994 manyan rukunai biyu na Ingila kowa da kujerarsa.

Amma ɗan away daban ne wallahi. Mutum ya tashi tun asuba ya shiga mota ko jirgin ƙasa awa huɗu biyar, ya biya fam 30 na tikiti, an cusa su wajen 3,000 a kusurwa guda suna waƙa don su danne muryar masu gida, kai kuma ka zo ka ce ya zauna? Masu gadi ma sun gaji da magana. Shi ya sa a 2022 aka yarda da tsayuwa a wuraren da aka sa ƙarfe gaban kowane layi, Chelsea da Tottenham da Man City da Man United da Cardiff aka fara da su.

Ni dai inda nake jin tausayi shi ne dattijo ko yaro ƙarami, in na gabansa ya miƙe shi kenan, sai ƙeyar mutane zai kalla har a tashi. In za ka je da Baba kamar yadda ka ce, nemi layin gaba tun wajen sayen tikiti.