Idan komai a rubuce yake, ina laifin direba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena direban haya ne. Ya san birkin motarsa ba ya ci, amma ya yi lodi, ya buge mai babur har ya karya masa ƙafa. Da aka yi masa faɗa sai ya ce ƙaddara ce, ta riga fata. Ɗana da ke jami'a ya goya masa baya, wai kimiyya ta gano ƙwaƙwalwa ce ke yanke shawara kafin mutum ya sani. Shin ɗan Adam yana da zaɓi kuwa?
Wata mai karatu daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Imani da ƙaddara a wajen Ahlus Sunna mataki huɗu ne: Allah Ya san abu tun bai faru ba, Ya rubuta shi, Ya nufe shi, Ya halicce shi. Babu inda aka ce sanin nan ya tilasta wa bawa. Masu cewa mutum ba shi da zaɓi ko kaɗan su ne Jabariyya, mabiya Jahamu ɗan Safwan da aka kashe a shekara ta 128 bayan Hijira. Ƙadariyya kuma suka wuce gona da iri ta ɗaya gefen, suka ce bawa ne ke halittar aikinsa. Imam Ash'ari, wanda malaman zaurenmu da yawa ke kan aƙidarsa, ya ce Allah ke halitta, bawa kuma yana da kasabi, wato niyyar da nufar aikin nasa ne. Aya ta 28 da ta 29 a Suratut Takwir sun haɗa biyun: sun tabbatar wa mutum so, sannan suka sa son nasa ƙarƙashin son Allah.

Ki gwada ƙanen naki da wannan. Hannun mai zazzaɓi yana karkarwa, hannun mai lafiya yana ɗaukar mukulli ya tayar da mota. Duka biyun motsi ne kuma duka ƙaddara ce, amma kowa yana jin bambancinsu a jikinsa. A kan wannan bambancin shari'a ta ginu. An ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da mahaukaci, kuma a mazhabar Malikiyya sakin auren da aka tilasta wa mutum ba ya aukuwa. Shi ƙanen naki wa ya tilasta masa lodi? Da ya gyara birki sannan taya ta fashe, maganarsa ta zauna. Lokacin annobar Amwas, Sayyadina Umar ya juya bai shiga Sham ba, aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Shi kuma ɗanki gwajin masanin ƙwaƙwalwa Benjamin Libet na 1983 yake nufi, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko. An manna wa mutane wayoyi a fatar kai, aka ajiye musu agogo mai ɗigon haske da ke kewayawa cikin daƙiƙa 2.56, aka ce su motsa yatsa ko wuyan hannu duk sanda suka ga dama, su kuma faɗi inda ɗigon yake lokacin da suka ji niyya. Siginar ƙwaƙwalwa ta fara tashi kusan rabin daƙiƙa kafin motsin, jin niyyar kuwa sai saura kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Daga nan surutun ya samo asali.

Sai dai gwajin yana da rauni. Ba a ganin siginar a motsi guda, sai an tara motsi da yawa an ɗauki matsakaici, kuma waɗanda suka ƙare da motsi kaɗai ake tarawa. A 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa suka kawo hujjar cewa siginar hawa da sauka ce da ƙwaƙwalwa ke yi a kullum, motsi kan faɗo ne idan ta yi sama ta ƙetare wani mizani. Libet da kansa ma ya ce mutum yana iya fasawa a ɗan lokacin da ya rage kafin motsin. Balle ma motsa yatsa babu dalili daban yake da direban da ya kwana yana lissafin kuɗin makanike.

Abin da ke kan ƙanenki yanzu: ya ɗauki nauyin jinyar mai babur, a je gaban alƙali ko malamin da ya san babin diyya a ƙididdige haƙƙin raunin, motar kuma kada ta hau titi sai an duba man birki da takalminsa.