Rubutu mai kauri a allon shago: a biya ko a haƙura?

Wani ɗan'uwa mai sayar da rodi da kwanon rufi a Ƙofar Ruwa da ke Kano ya turo tambaya, wai mai zane ya yi masa sunan shago da rubutun nan mai kauri da ake kira slab serif, ya ce a sa shi a allo da rasit da hatimi duka, kuma sai an ƙara masa kuɗi don na saye ne.

To Alhaji, zaɓin dai mai zanen bai yi kuskure ba. Rubutun nan yawancin haruffansa suna da ƙafa mai faɗi, murabba'i, kaurinta ya kusa kai na jikin harafin, shi ya sa in ka kalle shi sai ka ga kamar an gina shi da bulo. Dama don talla aka ƙirƙiro shi, wani mai ƙera haruffan ɗab'i, Vincent Figgins, ya fitar da shi a Landan a wajajen 1815 lokacin da masu buga fosta ke neman abin da zai tsayar da mai wucewa. Duba sunan Honda ko Volvo a jikin mota, danginsa ne. Mai sayar da ƙarfe kam ya dace da shi sosai, da turare ko leshi kake sayarwa da na ce a sake tunani.

Amma fa sunan shagon kawai. Rasit da hatimi a'a, domin in aka ƙanƙantar da shi ramukan cikin haruffa irin su "a" da "e" da lambar 8 toshewa suke yi, balle hatimi da tawada ke malala, sai kwastoma ya zo tura kuɗi ya kasa bambance 3 da 8 a lambar akawun, asarar wa kenan? Lambar waya da farashi a sa su da siririn rubutu mara ado. A allon ma a ɗan buɗa tsakanin haruffa kada ƙafafun su haɗe, kuma masu aikin allo suna lissafin inci 1 na tsayin harafi ga duk ƙafa 10 na nisa, sai ka auna daga bakin titi.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffan ƙ da ɗ da ɓ. Da yawan rubutun nan ba su da su, sai kwamfuta ta aro Ƙ siririya daga wani wuri ta liƙa a gaban adireshinka. Ka sa mai zanen ya rubuta Ƙofar Ruwa a gabanka ka gani da idonka kafin a buga fleks, in babu ya zana lanƙwasar da hannu a manhajar zane ta CorelDraw.

Batun ƙarin kuɗi kuwa, akwai na saye da gaske, amma ya nuna maka shaidar lasisin da sunan shagonka. In ya fara kame-kame ka ce ya ɗauko irinsa mai suna Alfa Slab One a shafin Google Fonts, kyauta ne har don kasuwanci. Kuɗin ka ƙara a ingancin allon da fitilar da za ta haska shi bayan magariba, kuma ka karɓi fayil ɗin zanen a filashi ka ajiye. Allah ya ba da kasuwa.